Mota Mai Birki Biyu

Shafi na 9

Masu cewa na bar Auta a tsaye a wurin sayar da motoci tun ranar Talata, rana na dukanta, ku yi haƙuri. Ga ta nan.

*

Mota ta huɗu ke nan Baba yana zagayawa.

Ta farko ko buɗe ta bai yi ba. Tafin hannu ya ɗora a kan bonet, ya ji ɗumi, ya ce an tayar da ita kafin mu iso don kada ya ji tarinta na safe. Ta biyu ya fito da ɗan maganaɗisun da yake naɗewa a hankici, ya bi jikinta da shi ƙofa-ƙofa. A ƙofar baya maganaɗisun ya ƙi kamawa, ya faɗo ƙasa.

"Nan ba ƙarfe ba ne, ciko ne. An taɓa buge ta."

Ta uku ya sa Auta ta zauna a kujerar direba, ya ɗauko bokitin wankin mota ya ajiye taku uku a gaban motar.

"Kina ganin bokitin?"

Auta ta ɗaga ɗuwawu daga kujera. "Ina gani, Baba."

"Sai da kika kusa miƙewa tsaye kika gani. Tsayin yaro ɗan shekara biyu ke nan. Fito."

Ta huɗu ita ce 'yar shuɗiyar da Auta ta ƙwallafa rai a kanta tun daga bakin get. Ƙarama ce, ba ta da wani gudu, kujerarta na da tudu. Maganaɗisu ya kama ko'ina. Baba ya toshe bakin salansa da farin hankici, hankicin ya fito fari. Ya shinshina kafet, ya ja kowane bel da ƙarfi ya ga ya riƙe, ya durƙusa ya karanta shekarar tayoyin huɗu. Auta ta ga bokiti ba tare da ta motsa ba.

Bai sami komai ba. Na san bai samu ba, domin idan Baba ya kama laifi girarsa ta hagu ɗagawa take yi, yau kuwa tana kwance.

Ya karkaɗe gwiwar wandonsa ya ce, "Mu ga wata."

"Malam!" in ji Dogo, mai wurin. "Wallahi ko matata ba zan nema wa wadda ta fi wannan ba."

Dogo tsohon ɗalibin Baba ne. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana koya wa mutane tuƙi kafin ya ajiye aikin, har yau idan Dogo zai yi masa magana sai ya mayar da hannu baya kamar ɗan firamare.

Mama na zaune a benci ƙarƙashin rumfa, tana fifita da wata tsohuwar takardar talla. "Baban Auta, mota muka zo saye ko surukai muka zo bincike? Yau Asabar. Litinin yarinyar nan za ta fara zuwa kwaleji."

Maganar ke nan. Auta shekararta goma sha takwas, lasisinta sati uku. Kwalejin jinyar da ta samu tana can ƙarshen gari, bas uku ake hawa kafin a kai, ajin farko kuma ƙarfe bakwai da rabi. Baba ya yi mata alkawari a gabanmu: ta ci jarrabawa, ta sami lasisi, zai saya mata 'yar tsohuwar mota ta riƙa kai kanta. Ta ci. Ta samu.

"Dogo," in ji Baba, "buɗe waccan ta baya."

Dogo ya sosa ƙeya. "Malam, yanzu?"

"A'a, baɗi."

A can jikin katanga akwai wata mota lulluɓe da tamfol. Dogo ya janye shi a hankali kamar mai buɗe abin kunya. Fara ce, tsohuwa, mai faɗin fuska. A kan rufinta akwai ramuka huɗu inda aka taɓa ɗaure allo.

Ni dai na lura da abu biyu. Duk motocin layin baya sun yi datti, ita kaɗai ce a wanke. Tayoyinta kuma sababbi ne fil, har da gashin roba a jikinsu. Baba bai fito da maganaɗisu ba. Bai taɓa bonet ba. Ya riga ya san ta.

"Wannan ce taki," ya ce.

Auta ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

"Baba, wannan ai ta girme ni."

"Da shekara ɗaya kacal. Injinta lafiya lau. Shiga ki ji."

Ta shiga tana tura baki. Ni kuma na buɗe ƙofar gefen fasinja don in zauna kusa da ita, in ɗan lallashe ta. Na sa ƙafa ɗaya ciki, sai takalmina ya taɓa ƙarfe.

Na duba ƙasa. Na janye ƙafata da sauri, na rufe ƙofar.

"Yaya, mene ne?"

"Babu komai."

"Fuskarki ta canza. Mene ne a wurin?"

Ta kwanto ta leƙa ƙasa, gaban kujerar fasinja. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Baba, birki ne a nan."

"Birki ne."

"A gefen fasinja."

"Motar makarantar koyon tuƙi ce a da. Na sa an gyara shi, yana kamawa sosai."

"Wa zai riƙa taka shi?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ni. Da safe in raka ki, in dawo a bas. Da yamma in je in taho da ke. Wata shida kawai, kafin hannunki ya faɗa."

"Kwaleji zan je fa, Baba, ba rainon yara ba."

"Ki iya bakinki," in ji Mama daga rumfa. Amma ta taso ta nufo mu, takardar tallar a hannunta.

Auta ta fito daga motar. "Ka ce in riƙa kai kaina. Haka ka ce, Yaya na nan, Mama na nan. Na tashi da asuba wata biyar ina bin ka filin ƙwallo ina ribas tsakanin duwatsu. Mai jarrabawar lasisi ya ce bai ga wanda ya yi fakin kamar ni ba a satin. Yanzu kuma in shiga get ɗin kwaleji, 'yan ajinmu na kallo, babana na taka mini birki?"

"'Yan ajinku ne za su ɗauke ki idan tirela ta matse ki a shataletale?"

"Ba abin da zai matse ni!"

"Duk wanda na gani a gefen titi haka ya ce da safe." Baba bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. "Shekara talatin da ɗaya, babu ɗalibin da ya taɓa buge ko kaza ina gefensa."

"Kana gefensa. Bayan ka sauka fa?"

Dogo ya yi tari. "Ni dai, Malam, ranar da ka sallame ni na hau bishiyar ƙofar gidanmu da motar kawuna."

"Wa ya tambaye ka?"

"Amma daga ranar ban sake ba. Bishiyar ce ta ƙarasa mini karatun."

Mama ta fashe da dariya. "Kai dai bari, Dogo. Mutumin nan ko a bas ƙafarsa taka birki take yi. Ran nan ya take wa wani bawan Allah yatsa, sai da na ba da haƙuri har muka sauka."

"Direban ne ba ya barin tazara," in ji Baba.

Ba wanda ya ƙara dariya, domin Auta ta fara share ido da bakin mayafinta.

Baba ya dube ta, sannan ya juyo ya nuna ni.

"Ga yayarki nan. Da irin wannan motar na koya mata, wata takwas cur. Shekara shida ke nan da lasisinta, ko ƙwarzane ba ta taɓa yi wa mota ba. Tambaye ta. 'Yar Shiru, gaya mata."

Duk suka juyo suna kallona.

A gidanmu 'Yar Shiru ake ce mini, kuma na ci sunan. A wurin aiki ma ɗakin gwaje-gwaje na zaɓa, inda daga ni sai kwalabe. Da a ce wata rana ce, da murmushi zan yi in sunkuyar da kai, magana ta wuce. Amma na dubi Auta, na ga yadda ta ƙanƙame lasisinta a cikin jaka, na tuna nawa da ke ɓoye a jakata bayan katin asibiti, ko ranar da zai ƙare aiki ban sani ba.

"Baba," na ce, "ban taɓa ƙwarzanar mota ba saboda ba na tuƙawa."

"Ai ke kika ce bas ya fi miki, kina karatu a ciki."

"Ƙarya na yi."

Mama ta daina fifita.

"Washegarin ranar da na karɓo lasisi, kun tafi gaisuwa kai da Mama. Na ɗauki motarka ta gida ni kaɗai, don in ba ka mamaki. Na fita layinmu lafiya. A mahaɗar da ke gaban gidan mai, wata motar kaya ta tsaya a gabana."

"Sai me?"

"Sai ban taka ba."

"Ba ki taka ba kamar yaya?"

"Ƙafata na kan birkin, Baba. Ina kallon bayan motar tana matsowa. Jira nake tawa ta rage gudu da kanta. Domin wata takwas haka take yi. Duk lokacin da na makara, sai in ji ta lafa a hankali, kamar ta san abin da nake so. Na ɗauka haka mota take. Na ɗauka ni ce na iya."

Na ci gaba.

"Da na ga ba za ta tsaya ba, na murɗa sitiyari na faɗa cikin tarin yashin masu gini. Shi ya tsayar da ni. Wasu leburori suka turo ni waje. Na kai ta gida, na wanke gabanta da soso, na mayar da makulli inda ka ajiye shi. Da daddare na zauna ina lissafa duk tsayawar da ka yaba mini a wata takwas, na rasa wacce ce tawa."

Dogo ya yi ƙasa da murya. "Ikon Allah. Ni kuwa Malam idan ya taka mini, sai goshina ya kusa bugun gilashi, sannan ya haɗa mini da tsawa. Kai, Dogo, makaho ne kai? Har yau ina jin ta a kunnena."

"Kowa haka nake yi masa," in ji Baba a hankali.

"Ban da ni," na ce.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ke idan aka yi miki tsawa kwana biyu ba kya cin abinci. Na ce bari in riƙa taimaka miki kaɗan-kaɗan, ba tare da kin sani ba, har zuciyarki ta yi ƙarfi."

"Na sani, Baba. Ba don mugunta ka yi ba."

"Shekara shida," in ji Mama. "Bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, ruwa da rana. Ke kuwa wace irin yarinya ce? Ki buɗe baki mana!"

"Ga shi na buɗe."

Tunda na fara, sai na juya wurin Baba na ƙarasa.

"Auta ba ta koya a irin wannan ba. Lokacin da ta fara ka riga ka sayar da motar makarantarka. A motar gida ka koya mata, babu birki a gefenka. Wata biyar, Baba. Wa ya riƙa tsayar da ita?"

Baba ya juya ya dubi Auta.

"Ran da akuya ta faɗo muku a bakin kasuwa, ka dawo kana ba da labari. Wa ya taka?"

"Ni," in ji Auta cikin hawaye. "Shi kafet ya taka."

Dogo ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Baba ya daɗe yana kallon farar motar. Ya kai hannu ya shafa ramukan da ke rufinta, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya ya tafi. Muka bi shi da ido har ya isa wurin 'yar shuɗiyar, ya buɗe gefen fasinja ya zauna, ya ja bel.

"Me kuke jira?" ya ce ta taga. "Dogo, kawo makulli. 'Yar Shiru, shiga baya."

*

Auta ta gyara kujera, ta gyara madubai uku, ta yi bismilla. Muka fita get a hankali.

Ina baya, ina ganin gefen fuskar Baba. Ya haɗe hannuwansa a kan cinya, ya cije leɓe. A danja ta farko ta tsaya da tazarar mota guda. A wurin masu sayar da kayan marmari wani mai babur ya yanko mata ba sigina, ta rage gudu ta bar shi ya wuce.

"Kin ga wancan..." Baba ya fara.

"Na gan shi tun daga wurin mai faci."

Ya haɗiye sauran.

A babban shataletale ta jira motoci uku, ta shiga, ta fita a hanya ta biyu. Da muka wuce gidan burodi Baba ya ce, "Faka a nan."

Ta sa sigina, ta faka, ta ja birkin hannu. "Na yi laifi?"

Ya kwance bel ya fita. Ya ƙwanƙwasa gilashina. "Ke ma fito."

Na fito. Ya sunkuya ta tagar Auta.

"Ki mayar wa Dogo motarsa."

"Ni kaɗai?"

"Ba haka kike so ba?"

"Haka nake so, amma..." Ta dube ni, ta dube shi. "Baba, ta shataletale fa zan koma."

"Yana nan inda kika bar shi. Waya a jaka, jaka a baya. Idan ta yi ƙara, ta yi ta yi. Tafi."

Ta sa sigina, ta duba madubi, ta waiga ta kafaɗa, ta hau titi. Muka tsaya muna kallon 'yar shuɗiyar har wata bas ta rufe ta.

Baba ya sauke numfashi kamar wanda ya ajiye buhu.

"Mu taka," ya ce. "Ta gajeriyar hanya minti goma sha biyar ne."

Muka bi ta bayan shaguna. Yana gaba ina biye, kamar lokacin da yake kai ni firamare. Sai da muka wuce wurin masu walda ya rage sauri har na cim masa.

"Yashin nan," ya ce, "kin ji ciwo?"

"Leɓena ne ya fashe kaɗan. Na ce muku ƙofar kicin ce."

"Na tuna. Har na cire ƙofar na sake ɗaura ta."

Dariya ta kubce mini, shi bai yi ba.

"Kusan mutum dubu na koya wa tuƙi. 'Yata ɗaya na ce bari in tausaya mata, ita kaɗai na cuta."

"Ba ka cuce ni ba, Baba. Ni ma da na faɗa tun ranar, da ka gyara."

"Fakin ɗinki fa naki ne," ya ce da sauri. "Da ribas. Birkina ba ya juya sitiyari. Kin fi Auta iya ribas, kada ki gaya mata."

Na gyaɗa kai, muka ci gaba da tafiya.

*

Muna shiga get idona ya tafi wurin da 'yar shuɗiyar take ɗazu.

Babu komai sai bokiti.

Mama ta miƙe. "Ina Auta?"

"Ba ta iso ba?" in ji Baba.

"Ta iso ina? Ba tare kuka fita ba?"

"Na sauka. Na ce ta dawo da ita."

"Ka sauka! Ɗazu ka ce wata shida za ka raka ta, yanzu minti goma ka sauka? Kai ba ka san tsakiya ba ne?"

Dogo ya fita bakin titi ya duba dama da hagu, ya dawo yana murza hannu. "Wataƙila cunkoso ne, Malam. Yau Asabar."

"Daga can zuwa nan minti shida ne," in ji Baba.

Na fito da wayata zan kira ta, ya riƙe mini hannu.

"Kada ki kira. Idan tana tuƙi fa?"

Muka zauna a benci. Minti goma. Mama na jan carbi tana harararsa. Minti ashirin. Duk motar da ta rage gudu a bakin get sai mu miƙe tare. Dogo ya kawo ruwa, ba wanda ya sha. Baba ya fito da maganaɗisunsa yana juya shi a hannu, yana mannawa a ƙafar benci yana cirewa.

Minti ashirin da bakwai, wayarsa ta yi ƙara.

Ya duba. Ya miƙo mini. "Ɗauka. Sa kowa ya ji."

"Auta? Kina ina?"

"Yaya!" Ban iya gane kuka take ko dariya ba. "Ki fara gaya wa Baba na faka, na ja birkin hannu, na kashe mota, sannan na ɗauko waya."

"Yana jin ki. Kina ina?"

"A shataletale wata tirela ta tare mini hanyar fita. Ban yi gardama da ita ba, na bar ta, na fita ta gaba. Sai na tsinci kaina a babban titi, babu wurin juyawa. Na yi ta tafiya, na yi ta tafiya, sai na ga allon kwalejinmu. Sai na ce tunda na zo nan..."

"Auta, kina ina yanzu?"

"A get ɗin kwaleji! Yaya, na kawo kaina! Mai gadi ma ya ce fakin ɗina ya yi kyau!"

Mama ta zauna daɓas tana hamdala. Dogo ya ɗaga hannu sama kamar an ci ƙwallo.

Baba ya karɓi wayar. "Kin taɓa wani abu?"

"Ko ganye ban taɓa ba, Baba."

"Gadar da ke kan hanyar fa? Wane layi kika bi?"

"Na dama, a hankali. Suna ta yi mini hon, na ƙyale su."

Ya rufe ido. "Madalla."

"Amma Baba..." Muryarta ta yi ƙasa. "Tunda na kashe motar ƙafafuna suke rawa. Na gwada tashi na kasa. Yau dai ba zan iya dawowa ni kaɗai ba. Litinin zan iya, wallahi zan iya. Amma yanzu ku zo."

"Haka ake yi ranar farko. Sayi ruwa ki sha, ki zauna a inuwa. Ga mu nan."

Ya kashe wayar ya juya wurin Dogo.

"Shuɗiyar tamu ce, shirya takardu. Waccan kuma mayar mata da tamfol."

"Tayoyin da ka saya fa, Malam?"

"Na bar maka. Ka ci riba, kai da bishiya ta koya wa tuƙi."

Muka nufi motar gida da ke fake a bakin get. Mama ta buɗe baya ta shiga. Baba ya zaro makulli daga aljihu, ya kai hannu ƙofar direba, sai ya tsaya.

"Kai," ya ce. "Yarinyar nan ta tayar mini da hankali. Hannuna rawa yake, ba zan iya riƙe sitiyari ba."

Ya miƙo mini makullin.

Na dubi hannun. Ko kaɗan ba ya rawa.

"Baba..."

"Idan kin makara ba mai taka miki. Idan kin yi daidai, naki ne. Idan kin yi shirme zan yi miki tsawa kamar Dogo, ki yi fushi, mu shirya a gida."

"Shekara shida fa, Baba. Akwai gada. Akwai shataletale."

"Akwai ƙanwarki kuma a bakin get tana jira."

Ya saka makullin a tafin hannuna, ya naɗe yatsuna a kansa. Sannan ya zagaya, ya wuce ƙofar gaba bai ko kalle ta ba, ya buɗe ta baya ya zauna kusa da Mama, ya ja bel.

Na tsaya rana na dukana, makulli na jiƙewa da gumi a hannuna.

Mama ta sauke gilashi.

"'Yar Shiru, za ki shiga, ko in zo in tuƙa da kaina mu mutu gaba ɗaya?"

Na buɗe ƙofar direba.